Wadda Na Daina Tsokana

Litinin, da hantsi

Yau wata ta zo. Ba zan rubuta sunanta a nan ba, ko da yake babu mai buɗe jakata sai Auta idan tana neman alewa. Zan kira ta Baƙuwata.

Shekara guda ke nan da ƙungiyar guje-guje ta ɗauke ni aikin sauraron koken ƴan wasa. Duk wanda aka ci wa zarafi, ko aka tsorata, ko aka taɓa inda bai yarda ba, ni zai gaya wa, ni kuma in riƙe sunansa in kai maganar inda za a bi masa hakki. Ranar da aka ba ni aikin Maigida dariya ya yi har da riƙe ciki. Wai ni da ko kazar maƙwabta ce ta yi ƙwai sai duk layinmu ya ji, ni aka ba wa ajiyar sirri. To, har jiya dai koken da na karɓa bai wuce na takalmi da na abinci ba.

Ofishina ɗan ƙurƙuɗi ne a ƙarƙashin matattakalar ƴan kallo, ƙofarsa kuma tana kallon bencin da kociyoyi suke shan shayi. Na roƙa a canza min, an ce za a duba. Da na gaji da jiran a duba, sai na sa aka dawo da akwatin magani wurina, don duk wanda ya shigo a ɗauka bandeji ya zo nema. Baƙuwata da ɗingishin ƙarya ta shigo. Na durƙusa na kama idon sawunta mai lafiya ina naɗe shi, ita kuma tana magana da tsakiyar kaina.

Sito ta ambata, inda ake ajiye shingayen tsalle da katifu. Ta ambaci tausa bayan atisaye. Ta ambaci ƙofa. Sauran na rubuta shi sau ɗaya a inda ya kamata, hannuna ba zai sake ba. Wanda take magana a kansa shi ne Mai Usur, kocin ƴan mata, wanda kofunan da ke ofishin Shugaba rabinsu shi ya kawo su.

Ta ce, “Anti, don Allah kar sunana ya fita. Da ƙyar Babana ya bar ni nake gudu. Ranar da ya ji wannan, ko ƙofar filin nan ba zan sake gani ba.”

Na ce, “Sunanki a bakina ya tsaya. Ba zai fita ba sai ranar da ke da kanki kika ce in faɗa.”

Tana cikin ƴan mata huɗun da suke gudun miƙa sanda, kuma ƙarshen watan nan za su tafi babbar gasa, inda masu zaɓen ƴan wasa za su zo kallo. Tun tana makaranta take jiran tafiyar nan. Ta fita da ɗingishinta, ta manta wace ƙafa ce, na kira ta na tuna mata.

Litinin, bayan la'asar

Na hau sama wurin Shugaba. A ofis Yallaɓai ne, a gida kuwa Yaya, don shi ne wan Maigida, uwa ɗaya uba ɗaya. Na ce akwai koke a kan Mai Usur, mai nauyi, ina so a kira kwamitin waje, mutanen da ba sa cin abinci a ƙungiyar nan, su saurara.

Ya cire gilashinsa. “Wace ce?”

“Yallaɓai, ka san ba zan faɗa ba. Kai ka sa hannu a ƙa'idar.”

“Na sa hannu don kar kowa da kowa ya ji. Ni kowa ne?”

Na ce a wannan maganar, e. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce amaryarsu ta zama alƙali. Kwamiti kuwa, shi ne mai kiran su, shi ne mai biyan kuɗin motarsu, ya ce zai duba. Na tsani kalmar nan.

Talata, da safe

Kullum idan na shigo ta gefen fili nake bi, in tarar da su huɗun suna miƙa jiki a kan ciyawa, in tsokane su ɗaya bayan ɗaya. Akwai Acici, akwai Uwar Barci, akwai Sarauniyar Waya, akwai Ƙafar Barewa, duk ni na raɗa musu. Yau da na zo kan Baƙuwata sai na ji kamar an rubuta maganar jiya a goshina. Na ce sannu kawai na wuce. Gara haka. Kar wani ya ga muna da wata kusa.

Alhamis, da azahar

An sanar da Mai Usur cewa akwai koke, ba suna, ba rana. Haƙƙinsa ne ya sani. Na zata zai zo yana kumfar baki. Ina! Shayi ya aiko min, da madara har ta yi yawa, ya biyo bayan kofin ya tsaya a bakin ƙofa yana tambayar gwiwata. Ya san gwiwar, don a gabansa ta ƙare min gudu.

“Malama, ki yi aikinki, ba na jin haushi,” in ji shi. “Ƴaƴana ne duka. Wadda ta ji na ɓata mata, ai da ta zo mun yi magana irin ta uba da ƴa.”

Na ce Allah ya kyauta. Shayin na nan har yanzu ya yi fata, na kasa sha na kasa zubarwa a gabansu.

Juma'a, da yamma

Ba a kira kwamiti ba.

Asabar, bayan magariba

Mun je gidan Yaya gaisuwa. Matarsa ta ja ni kicin wai in taya ta yanka albasa, alhali albasar a yanke take. Ta fara da nisa, ta zagayo ta kusa: yaran zamani da ƙarya, mutum da iyalinsa, shekara ashirin yana aiki ba a taɓa jin kansa ba. Sannan ta rage murya. “Ke dai gaya min ni kaɗai, doguwar ce?”

Wato maganar har ta iso kicin. Na ce mata albasar nan tana da yaji.

A mota, da muka kusa gida, Maigida ya ce, “Yaya fa ba mugu ba ne.”

“Na ce mugu ne?”

“Shi ya samo miki aikin nan.”

“Ai shi ya sa nake yin sa.”

Ya ƙara muryar rediyo. Auta tana barci a baya da takalmi ɗaya. Ina kallonta ta madubi sai na ce ya tsaya in sha iska.

Litinin, da hantsi

Mai Usur ya cire ɗaya daga cikin huɗun, wai ta huta kwana biyu, ya sa wata ƙaramar yarinya a gurbinta. Ƙarama kowa yake ce mata, ba ta fi sha shida ba, sandar ma tana karɓa tana dariya. Wadda aka cire ba Baƙuwata ba ce. Duk da haka na hau sama na ce ba a canza ƴan wasa alhali akwai koke a ƙasa, don yana iya zama ramuwa. Shugaba ya ce shi ba ya shiga aikin koci.

Ina saukowa na tarar da Mai Usur a ƙasan matattakala yana wasa da igiyar usur ɗinsa, yana kallon fuskata kamar mai duba agogo.

Laraba, bayan azahar

Ya mayar da ta farko, ya cire ta biyu. Yanzu na gane wasan. Ɗaya bayan ɗaya zai bi su, yana jira ya ga a kan wace ce zan fi ɗaga murya.

To, ya taro daidai da shi. Na zauna na haddace abin da na faɗa ranar Litinin kalma da kalma, na hau sama na maimaita shi da murya iri ɗaya, na sauko da tafiya iri ɗaya. Har tarin da na yi a tsakiya sai da na sake yi.

Juma'a, da safe

Yau Baƙuwata ce. Ta zauna a gefen fili ta rungume gwiwoyinta tana kallon Ƙarama a layinta. Na wuce ta gabanta ban ko juya ba. Na hau sama, kalmomi iri ɗaya, tari iri ɗaya. Shugaba ya ce, “Ke ba kya gajiya?” Na ce ina gajiya.

Da na dawo ofis na kulle ƙofa na zauna a ƙasa. Amma na yi daidai. Wallahi ko ni da na san gaskiya ban ji bambanci a muryata ba.

Lahadi, da rana

Na ƙona miya. Maigida ya cinye ta tas, abin da ya fi faɗa ciwo.

Talata, da hantsi

An zagaye su huɗun duka, kowa ta koma layinta. Na ce Mai Usur ya gaji ya haƙura. Har na sayi biskit na raba wa masu shara.

Kwamiti: mutum ɗaya ya yi tafiya, ɗaya ba ta da lafiya, na ukun ba a samu lambarsa ba. Na ce a ba ni lambar in nema da kaina. An ce ba hurumina ba ne.

Laraba, bayan la'asar

An kafe sunayen masu tafiya a allon baranda. Babu nata. Ƙarama ce a gurbinta.

Na sami Mai Usur a bakin sito yana kirga shingaye. Ban yi niyyar yi masa magana ba, bakina ne ya riga ni. Na ce da wane dalili. Ya ce agogo ne ya cire ta, ba shi ba, gudunta ya ja baya, kowa ya gani. Gaskiya ne kuma, ya ja baya. Wa zai yi gudu da irin kayan da take ɗauke da shi?

Na ce zan kai maganar sama kamar yadda na kai ta sauran.

Ya ajiye shingen ya karkaɗe hannunsa. “Malama, kin wahalar da kanki da hawa bene. Ni ba abin da kike faɗa a sama nake saurare ba. Gaisuwarki ta safe nake saurare.”

Na ce me yake nufi.

“Yara huɗu kike tsokana tun bara, kullum, har mun haddace. Rana ɗaya sai suka koma uku.” Ya yi murmushi. “Ban ce komai ba fa. Hira ce kawai muke yi.”

Ban san yadda na iso ofis ba. Ban faɗi suna ba. Ban faɗa wa Shugaba ba, ban faɗa wa matarsa ba, ban faɗa wa mijin da nake kwana da shi ba, ko littafin nan ban faɗa wa ba. Ban faɗi suna ba.

Alhamis, da asuba

Ban faɗi suna ba.

Alhamis, da azahar

Shugaba ya kira ni. Yau da kansa ya ja min kujera, ya ce a kawo ruwa mai sanyi, ya kira ni ƙanwata.

Ya ce shi ma ba yaro ba ne, ya ga allon, ya san abin da ya gani. Amma ƙa'ida ta ce ba a dakatar da koci a kan koken da ba shi da mai shi, sai kwamiti ya zauna, kwamiti kuma ba zai samu zama ba sai bayan gasa. Idan kuwa mai koke ta bayyana, yana da ikon dakatar da shi yau ɗin nan, ya mayar da ita layinta.

“Kalma ɗaya nake so. Ba sai kin faɗi suna ba ma. Zan faɗa, ke ki ce e.”

Na ce, “Sannan fa?”

“Sannan in kira mahaifinta. Dole ne. Ba zan dakatar da babban koci a kan ƴar mutum ba, uban yana gida bai sani ba, ya ji a bakin ƴan shayi.”

Na ce ba yarinya ba ce, ta haura sha takwas, ita ke da ikon maganarta. Ya ce wannan a takarda ne. Ya faɗi sunan. Na kalli fankar da ke kansa na ce ba ni da abin cewa a kan kowane suna. Ya faɗi wani sunan daban don ya gwada ni, na ba shi amsa iri ɗaya.

“Ke kika hana ta tafiya ke nan, ba ni ba,” ya ce. “Ki tuna da wannan.”

Ban san ko da gaske zai dakatar da shi ba. Wataƙila da gaske ne. Abin da ya fi ci min rai ke nan, da na tabbata ƙarya yake yi da na samu barci.

Juma'a, bayan la'asar

Dole in tambaye ta, kuma ba a fili ba. Na san tana karɓo wa kakarta magani a kantin da ke bayan tasha, na je na tsaya a layi kamar mai ciwon kai. Muka fito tare muka tsaya a bayan wata motar kaya da aka ajiye.

Na gaya mata komai: abin da Mai Usur ya ce, da yadda ya gane, da tayin Shugaba, da kiran Babanta. Na ce laifina ne, ta yafe min. Na ce zaɓi nata ne, duk wanda ta ɗauka ina bayanta.

Ba ta yi maganar tafiya ba tukuna. Ta kalli ledar maganin ta ce, “Wato shi ya sa?”

“Shi ya sa me?”

“Kika daina kula ni. Anti, ko Uwar Barci kin daina ce min. Na zata abin da na gaya miki ne ya sa kike ƙyamata. Kullum sai in ce da ban faɗa ba.”

Ga shi na rubuta. Ba zan goge ba, ai wanda nake ɓoye wa ya riga ya sani.

Kusan sati uku yarinyar nan tana zuwa fili tana ganin mutum ɗaya tilo da ta san sirrinta tana kawar da kai. Ni kuma ina hawa bene ina yaba wa kaina da iya tari. Na rungume ta a bayan motar nan, muka yi kuka har direban ya zo ya ce lafiya, na ce masa rasuwa aka yi mana.

Da ta share fuska ta ce, “Kar ki faɗa. Gasa tana dawowa baɗi. In Baba ya ji, babu baɗi.”

Na ce to.

Asabar, da hantsi

Yaya ya kira Maigida, sun daɗe a waya. Maigida ya shigo ya same ni ina guga.

“An ce za a duba kwantiraginki ƙarshen wata.”

“Za a duba. To, wannan kam na san za a duba da gaske.”

“Ke komai wasa ne? Kalma ɗaya fa aka ce. Ki ceci yarinya, ki ceci aikinki, ki bar ni in iya shiga gidan ɗan'uwana. Wa kike karewa yanzu? Mutumin ya sani, Yaya ya sani, masu shara ma sun sani.”

Na ce zato suke yi. Zato daban, in fito daga bakina daban. Ranar da na ce e, babu yarinyar da za ta sake shigowa neman bandeji.

“In ƴarki ce fa? Ba za ki so a gaya miki ba?”

Na ce zan so. Na ce zan tsine wa duk wadda ta ɓoye min. Kuma duk da haka ba zan faɗa ba. Ya kalle ni kamar yau ya fara ganina, ya ɗauki makullin mota ya fita. Na ƙona masa wuyan riga, ba da gangan ba.

Litinin, da safe

Na tsokane su duka huɗu, har da Ƙarama ta biyar. Muryata ta fito kamar ta wata. Mai Usur ya ɗaga min kofin shayinsa daga benci.

Litinin, da yamma

Na rubuta wa kwamitin waje kai tsaye, na tsallake Shugaba. Ba hurumina ba ne, na sani. Matar da aka ce ba ta da lafiya ta kira ni, lafiyarta ƙalau, ba wanda ya taɓa sanar da ita akwai koke. Ta ce za su zauna, amma ba su da ikon hana kowa tafiya kafin su zauna. Mako mai zuwa, in ji ta. Bas kuwa jibi zai tashi.

Talata, da azahar

An canza kwaɗon ofishina, wai na da ya lalace. Sabon makulli biyu ne, ɗaya a wurina, ɗaya a sama. Na kwashe abin da ya kamata na kai inda ya kamata. Akwatin magani kawai na bar musu.

Ƙarama ta tare ni a baranda tana tsalle, wai in zo in ga sabon takalminta mai ƙusa. Koci ne ya saya mata da kuɗinsa, in ji ta, don ya ce ita ta daban ce. Na ce ya yi kyau. Na ce idan an je can ta riƙa zama tare da sauran, kar ta je ko'ina ita kaɗai, ko wa ya kira ta. Ta ce, “Kai, Anti, sai ka ce Mamata.” Na je na sami malamar da za ta raka su na ce ta sa ido a kan yaran. Ta ce a kan me? Na ce a kan komai. Ta ce yara talatin ne, ita kuma ido biyu gare ta.

Abin da zan iya faɗa ke nan. Iyakarsa ke nan.

Laraba, bayan azahar

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Da sassafe bas ya tsaya a bakin fili, iyaye sun cika wurin da jakunkuna da addu'o'i. Shugaba ya sauko da babbar riga zai yi jawabin sallama. Ban zata Baƙuwata za ta zo ba, sai ga ta da kayan gida, ba na gudu ba, ta zo raka ƙawayenta. Ta taya su ɗora kaya, ta gyara wa Ƙarama zip ɗin jaka, tana nuna mata yadda za ta buɗe tafin hannu idan sanda ta taho. Na tsaya kusa da ita, yanzu kam ban ga abin da nisa zai ƙara ba.

Mahaifiyar Ƙarama ta kamo hannun ƴarta ta kai wa Mai Usur. “Malam, ga amanarka nan. Ba ta taɓa kwana a wani wuri ba ni ba.”

“Haba, Mama, ki kwantar da hankalinki. Ƴata ce.” Ya dafa kafaɗar yarinyar. “Ke zo ki zauna gaba kusa da ni, bayan nan akwai jijjiga, kar ƙafar ta ɗaure. In mun isa ma sai an ɗan sassauta miki ita.”

Na ji Baƙuwata ta kama hannuna. Farcenta har yanzu ga shatinsa.

Yara suka gama shiga. Direba ya tayar da mota. Ƙarama ta leƙo ta tagar gaba tana ɗaga wa uwarta hannu.

“Anti,” Baƙuwata ta ce, ba ta kalle ni ba, “in na faɗa yanzu, ba zai shiga motar nan ba?”

Na ce haka Shugaba ya ce, kuma a gaban mutane zai yi wuya ya janye. Na ce amma zai kira Babanki, yau ɗin nan. Na ce ba dole ba ne, babu wanda ya isa ya ce dole ne, ni ma ban ce ba.

“Na sani.”

“In faɗa a madadinki, ko ke za ki faɗa?”

“Ke dai ki tsaya kusa.”

Muka taka har inda Shugaba yake gyara murya zai fara jawabi. Ta gaishe shi har ƙasa. Sannan ta miƙe ta faɗi sunanta da na mahaifinta, ta ce ita ce ta kai koke, kuma tana nan a kan bakanta. Muryarta ba ta da ƙarfi, amma na kusa sun ji, na nesa kuma suka ji daga na kusa. Mai Usur yana da ƙafa ɗaya a kan matakalar bas.

Shugaba ya juyo gare ni, fuskarsa ta yi toka. “Ita ce?”

Sai da na kalle ta, ta gyaɗa min kai.

Na ce, “Ita ce.”

Ya kalli iyayen da suke kallonsa. Sannan ya ɗaga wa direba hannu, aka kashe mota. Ya kira Mai Usur gefe. Ban ji abin da suka ce ba, na dai ga an sauko da jakarsa daga saman bas, mataimakinsa ya karɓi usur. Mahaifiyar Ƙarama tana ta tambayar mutane me ya faru, ba wanda ya ba ta amsa.

Shugaba ya dawo ya ce wa Baƙuwata ta je ta ɗauko kayanta, bas zai jira, gurbinta na nan. Ta ce a'a, ba za ta tafi ba Babanta bai sani ba, kuma ba ta so ya ji a waya. Ta roƙe shi ya ba ta zuwa la'asar ta gaya masa da bakinta. Ya ce ya ba ta.

Bas ya tafi da Ƙarama a kujerar gaba ita da malamar rakiya. Muka tsaya har ya sha kwana.

Yanzu Baƙuwata tana zaune a kan akwatin magani tana jira in rufe littafin nan. Ta ce in raka ta gida. Na tambaye ta me zan ce wa Babanta. Ta ce ba sai na ce komai ba, in dai zauna inda zai gan ni. Takalmanta na gudu suna cikin leda a kan cinyarta, ta kwaso su daga ma'ajiyarta ɗazu. Na ce ta bar su mana, ai za ta dawo. Ta ce gara ta tafi da su.